Gigin Tsufa: Wanda Aka Ɗauke Wa Alƙalami Da Waɗanda Aka Ɗora Wa Nauyi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya fara halittar ɗan Adam da rauni, ya ba shi ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan ya mayar da shi ga rauni da furfura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata jarrabawa wadda ke cikin gidaje da yawa, amma ba kasafai ake jin ta a bakin masu wa'azi ba, watau halin tsoho ko tsohuwa da hankali ya soma gushe musu saboda abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, da kuma nauyin da shari'a ta ɗora wa waɗanda ke zaune da su.

A ɗauki misalin dattijo irin waɗanda ake gani a unguwannin Funtuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ya yi ƙuruciyarsa yana noman auduga yana kaiwa fuloti, ya ga zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tashar garin a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, yana kuma iya ba da labarin shekarar 1975, sa'ad da aka kawo babban shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, malaman gona suka riƙa shiga ƙauyuka da takin zamani da sabon iri. Duk wannan yana nan daram a kansa, har da sunayen shanun huɗar da ya riƙe a lokacin. Amma a tambaye shi ko ya karya kumallo, ba zai iya faɗa ba. Yakan ajiye kuɗi ƙarƙashin buzu ya manta, ya ce jikansa ne ya sace. Yakan sallame Azahar, kafin a naɗe tabarma ya miƙe zai sake. Wata rana da la'asar sai ya saɓa fartanya ya kama hanyar Bakori, wai za shi gonar da aka sayar shekara ashirin da suka wuce, ba a gan shi ba sai bayan Isha'i, da wani ɗan acaɓa da ya shaida shi ya dawo da shi gida.

A irin wannan hali ne kan iyali ke rabuwa. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, wani kuma ya ce da ma can halinsa ke nan, tsufa ne ya tona shi. Idan kuwa tsohuwa ce abin ya fi muni, domin ba a rasa mai raɗa cewa maita ce ta fara fallasa kanta, har jikokin da ta yi wa goyo su riƙa gudun ɗakinta. Wannan ƙazafi ne a kan Musulma mara lafiya, kuma duk wanda ya furta shi ko ya yaɗa shi, to ya shirya amsar da zai bayar.

Alhali kuwa Alƙur'ani mai girma ya riga ya ambaci wannan hali a fili. A cikin Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, Allah ya ba da labarin cewa daga cikin mutane akwai wanda ake ja wa kwana har ya kai mafi ƙasƙancin rayuwa, inda abin da ya sani a da zai kuɓuce masa. Ba a jingina abin ga aljani ko maƙiyi ba. An lissafa shi cikin matakan halitta, tun daga ɗigon maniyyi har zuwa kabari. Ya kuma tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan nemi tsarin Allah daga kaiwa ga wannan matsayi, kamar yadda yake neman tsari daga rowa da tsoro.

Likitoci suna ƙidaya shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Mafi yawansa shi ne irin wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa sannu a hankali, abin da aka koya kwanan nan ya fara tafiya, na da can ya daɗe. Akwai kuma wanda ke biyo bayan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, saboda toshewar hanyoyin jini a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan cuta sun kai miliyan 57 a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Wani bincike da aka gudanar a kan tsofaffi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin 100 suna da ita. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Duk da haka kai tsoho asibiti yana da amfani babba, domin akwai ruɗewar da ke kama da gigin tsufa amma tana jin magani, musamman wadda ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku: zazzaɓi na kawo ta, ciwon fitsari na kawo ta, haka ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, da hawa ko saukar sukari, da wasu magungunan. A fara da Babban Asibitin Funtuwa, in an ga bukata a tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Addu'a da tofi da ayoyin Allah alheri ne, ba su hana ganin likita. Abin ƙi shi ne yawo da tsoho gidajen bokaye, ana masa turare mai shaƙe numfashi, ana dukansa da sunan fitar da iska.

Wasu suna jin kunya idan abin ya sami malami ko mahaddaci, kamar dai alama ce ta wani ɓoyayyen laifi. To, su dubi tarihin malaman hadisi. A ilmin hadisi akwai babi guda da ake kira ihtilaɗi, watau rikicewar hadda a ƙarshen rayuwa, kuma manya ne ke cikinsa, irin su Aɗa'u ɗan Sa'ibu na Kufa da Sa'idu ɗan Abu Aruba na Basra. Malamai ba su zubar da darajarsu ba. Hukuncin da suka yanke shi ne a karɓi abin da aka ji daga gare su kafin rikicewa, a bar abin da aka ji bayanta. Mafi dacewa da wannan darasi shi ne labarin Jariru ɗan Hazimu, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 170 bayan Hijira. Abdurrahman ɗan Mahdi ya ba da labarin cewa da hadda ta rikice masa, 'ya'yansa, waɗanda su ma ɗaliban hadisi ne, suka lura da wuri, suka tsare shi daga masu zuwa ɗaukar karatu, saboda haka ba wanda ya ji kome daga bakinsa a halin rikicewa. Da wannan suka kare hadisin Annabi daga kuskure, suka kuma kare sunan mahaifinsu, har ga shi yau ruwayoyinsa na cikin Buhari da Muslimu. Ga aikin ɗa ke nan: ya rigayi mutanen waje lura, ya tsaya tsakanin ubansa da abin da zai kunyata shi. Idan dattijo limami ne a janye shi daga limanci cikin hikima, a bar masa wurinsa a sahun farko. Idan mai sulhu ne a unguwa a daina kawo masa ƙara, amma kada a daina zuwa gaishe shi.

Game da ibada kuwa, duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san hankali sharaɗi ne na taklifi. Hadisin da Abu Dawuda da waninsa suka ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku, watau mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Saboda haka tsohon da ya kai ba ya rarrabe lokaci, ba ya riƙe adadin raka'a, salla ta faɗi a kansa, babu ramuwa, ba kuma mai yi masa. Azumi ma ya faɗi, kuma ba a ciyarwa a madadinsa, domin ciyarwa ta shafi tsohon da hankalinsa ke nan amma jikinsa ya gaza. Wanda kuwa hankalin ke zuwa yana tafiya, ana tunasar da shi salla a lokacin da ya dawo cikin hayyacinsa, a taimaka masa da alwala ko taimama, wani ya tsaya gefensa ya bi shi.

Kuskure biyu ake yi a nan. Akwai masu tsananta wa tsoho, suna masa tsawa don ya yi Magariba raka'a biyar, ko su hana shi ruwa da rana a watan Ramalana, har ƙishirwa ta ƙara rikita shi. Akwai kuma masu ƙwace masa buta da carbi, su ce ai ba a rubuta masa. Duka biyu ba daidai ba ne. Idan ya tashi zai yi salla a bar shi ya yi yadda ya iya, ko sau goma ne, domin abin da mutum ya shekara sittin yana yi shi ne ke saura bayan sauran sun tafi, kuma a cikinsa yake samun natsuwa. Sau da yawa akan ga wanda ya manta sunan ɗansa, amma a ja masa farkon sura ya kai ta ƙarshe.

Haka nan maganarsa. Idan ya zagi matarsa, ko ya tuhumi surukarsa da sata, ko ya furta abin da ba ya furtuwa a bakin mumini, ba a kama shi da shi, kuma sakin da ya yi a wannan hali ba ya aukuwa, sai dai a kai batun gaban malami ko alƙali don a tabbatar da halin da yake ciki sa'ad da ya furta. Gardama da shi ɓata lokaci ne, domin ba zai riƙe hujjar ba, ɓacin ran kawai zai riƙe. Wanda ya ce an sace masa kuɗi, abin da ya fi shi ne a ce masa, “Baba, bari a duba tare,” a ɗaga buzun a nuna masa. Mai hikima ma yakan bar masa 'yan canji a aljihu kullum. Tambayar da ya yi sau ashirin, a wurinsa ta farko ce. A nan ne ake gane nauyin aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta yi maganar iyayen da tsufa ya riska suna hannun ɗansu, ta hana ko da ƙanƙanuwar kalmar nuna ƙosawa. Mai iyaye masu hankali bai san wuyar wannan umurni ba tukuna.

Akwai wata mas'ala mai wuya: tsohuwa ta tambayi ina Malam, alhali mijin nata ya shekara goma a kabari. Idan aka ce mata ya rasu sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi, gobe ta sake tambaya. Ƙarya haram ce, amma malamai suna da ƙofar da suke kira tauriyya, watau faɗin magana ta gaskiya wadda mai ji zai fahimce ta wata fuska. Sayyidina Abubakar ya yi haka a hanyar Hijira, da aka tambaye shi wane ne tare da shi, ya amsa da cewa mai nuna masa hanya ne. Ana iya ce mata, “Inna, ba ya nan yanzu,” sa'an nan a ja ta da labarinsa, yadda aka kawo ta gidan, wace shekara ce aka yi babbar damina. Galibi kewa ce ke sa tambayar, kuma labarin na kashe ta.

Tsaron lafiyarsa a gidan manomi yana bukatar ido. A rufe bakin rijiya. A ɗauke maganin feshi da na ƙwari daga inda hannunsa zai kai, musamman wanda aka juye a gorar lemo, domin zai ɗauka abin sha ne. Kada a bar shi shi kaɗai da murhu ko kaskon wuta lokacin hunturu. Rikicewar takan ƙaru da almuru, sa'ad da ya saba dawowa daga gona ko kasuwa, saboda haka a kunna fitila da wuri, a sa wani ya zauna da shi. A sanar da mai unguwa da liman da masu shaguna da 'yan acaɓan bakin layi, a ɗinka takarda mai sunan unguwa da lambar waya a aljihun rigarsa. Ɓoye ciwon don gudun surutu shi ke sa a rasa tsoho a daji, ga kuma rashin tsaron da yankin Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka sha fama da shi. Amma ɗaure shi da igiya, ko kulle shi a ɗaki mai duhu kamar dabba, ko ɗura masa maganin barci daga kemis ba da izinin likita ba, zalunci ne. A ba shi abin yi daidai ƙarfinsa, ko ɓarar gyaɗa ko tsince wake, a fita da shi zaure ya ga mutane.

Sai batun dukiya, inda Shaiɗan ya fi samun ƙofa. Mutum yana raye ba a gādonsa, ko da bai san sunansa ba. Gonarsa tasa ce, hatsin rumbunsa nasa ne. Cinikin da ya ƙulla bayan gushewar hankali ba ya inganta, haka kyautarsa. Ɗan da ya lallaɓa ya dangwala yatsan ubansa a takardar sayar da gona, ko ya kira shaidu ya ce Baba ya ba shi fili, ya ci haram, kuma shaidun sun yi shaidar zur. Hanyar shari'a ita ce a je gaban alƙali ya naɗa amintacce guda wanda zai kula da dukiyar, yana rubuta shiga da fita, yana ciyar da tsohon da matansa daga ciki, kamar yadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni game da masu raunin hankali, cewa a ciyar da su, a tufatar da su, a yi musu magana mai daɗi. A mazhabar Malikiyya zakka ba ta faɗuwa daga dukiyar wanda hankalinsa ya gushe. Idan aka girbe masara ko dawa a gonarsa ta kai nisabi, wakilin zai fitar da ushiri, ya kuma fitar masa da zakkar fid da kai.

To, wa zai ɗauki jinyar? A gidaje da yawa amsar ita ce matar ɗan da ya zauna a gida. 'Yan'uwansa suna Kaduna da Abuja da Legas, suna aiko da gaisuwa ta waya, ita kuwa ita ce mai wankin fitsari, mai tashin dare, ita ce kuma wadda tsohon ke kira ɓarauniya. Ya kamata a faɗi gaskiya: shari'a ba ta wajabta wa mace hidimar iyayen mijinta ba. Idan ta yi, kyautatawa ce da za ta sami ladarta, kuma ta cancanci godiya da kyauta, ba gori ba. Wajibin yana kan 'ya'ya, maza da mata. Muhtasar na Shaihu Halilu ya bayyana cewa ciyar da iyaye matalauta yana kan ɗa mawadaci, har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima, kuma ana raba shi tsakanin 'ya'yan. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne kowa gwargwadon wadatarsa. Saboda haka wanda aiki ya tsare a birni ya biya ladan mai taimako, ya sayi magani da sabulu da katifar leda, ya kuma zo da kansa ya kwana biyu don na gida su runtsa. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, da Annabi ya ji iyayensa na raye sai ya mayar da shi gare su, ya nuna masa a can jihadinsa yake. Uwaisul Ƙarni bai sami ganin Annabi ba, yana Yaman tare da mahaifiyarsa da yake yi wa biyayya, amma Annabi ya umurci Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara.

Mai jinya shi ma mutum ne. Gajiya da kuka da jin nauyi a zuciya ba zunubi ba ne muddin ba su fito ta harshe ko ta hannu ba. Idan ya ji zuciya ta taso, ya fita tsakar gida ya yi alwala, wani ya karɓe shi. Salmanul Farisi ya tunasar da Abud Darda'i cewa ransa da iyalinsa suna da hakki a kansa, Annabi kuma ya gaskata shi. Rabon kwana tsakanin 'yan'uwa ya fi barin mutum ɗaya ya ƙare.

Idan ciwo ya yi nisa, tsoho ya kwanta, tsarkinsa ya koma hannun wasu. Mata ta fi cancanta ga mijinta, in babu sai ɗa ga uba, 'ya ga uwa. In lalura ta tilasta wanin haka, a rufe al'aura da zane, a sa safar hannu ko ƙyalle, a kau da ido gwargwadon iko, a rufe ƙofa, kada kuma a ba da labarin abin da aka gani. A riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu don gudun gyambon kwanciya. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu ko fate, cokali kaɗan kaɗan, domin ƙwarewa na saurin kai abinci huhu. A ci gaba da yi masa sallama da kiransa da sunan girmamawar da ya saba ji, ko da ba ya amsawa.

Iyalai da yawa sukan shiga damuwa idan ajali ya zo, aka yi ta laƙƙana masa kalmar shahada bai iya maimaitawa ba. A laƙƙana a hankali kusa da kunnensa, ba tare da matsawa ba. In ya faɗa, madalla. In bai faɗa ba, an riga an ɗauke masa alƙalami tun ranar da hankalinsa ya tafi, kuma a kan Musulunci ya tafi. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake aikatawa yana lafiya yana gida. Ana kyautata zaton cewa dattijon da ya saba fita sallar Asuba cikin sanyin Funtuwa, yana azumin Litinin da Alhamis, ana ci gaba da rubuta masa su duk tsawon shekarun da ya yi a kwance. Allah shi ne mafi sani.